Barkono da gyambon ciki: An bar jaki ana dukan taiki

Duk wanda ya taɓa gatsa attarugu a cikin miya ya san abin da ke biyo baya: harshe ya ɗauki raɗaɗi, gumi ya keto, idanu su cika da ƙwalla. Amma babu inda ya ƙone a bakin. Barkono na ɗauke da wani sinadari mai suna kafsaisin, wanda ke taɓo jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa idan zafi ya kai kimanin digiri 43 a ma'aunin Salshiyas. Sai ƙwaƙwalwa ta zaci wuta ce, ta umarci jiki ya fitar da gumi don ya huce. Masanin Amurka David Julius ne ya gano wannan hanya a 1997, aikin da ya sa ya samu lambar yabo ta Nobel a 2021.

Sinadarin ba ya narkewa cikin ruwa, shi ya sa kwankwaɗar ruwa ba ta kashe raɗaɗin. Madara ko kindirmo sun fi, domin suna wanke shi daga harshe.

Inda gizo ke saƙa shi ne batun gyambon ciki, wato olsa. A gidajenmu, da zarar mutum ya koka da zafin ciki sai a ce yaji ne, a hana shi tsire da ɗanwake, a zauna jiran sauƙi. Alhali tun 1982 likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ita ce ke haddasa mafi yawan gyambon ciki. Na biye mata su ne magungunan kashe ciwo irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac, waɗanda leburori da 'yan acaba da manoma ke saya a kemis, su sha kullum ba tare da ganin likita ba. Ana gano ƙwayar ta hanyar gwajin bayan gida ko na numfashi, kuma maganin mako ɗaya zuwa biyu yakan kawar da ita. Wanda ya bar yaji ya ci gaba da haɗiyar ƙwayoyin nan, gyambonsa na iya kai ga zubar jini ko huda ciki.

Ba a wanke barkono sarai ba. Mai fama da ƙwannafi, ko wanda gyambo ya riga ya kama, yakan ji ciwonsa ya ƙaru bayan cin yaji, kuma yawansa na sa zawo da raɗaɗi wajen bahaya. Irin waɗannan sai su rage. Haka nan barkonon da ya yi fumfuna a wajen shanya na iya ɗaukar guba mai illa ga hanta, don haka a duba kafin a kai niƙa.

Mai lafiya ya ci yajinsa daidai gwargwado. Wanda zafin ciki ya daɗe yana damunsa, musamman in ya ga baƙin bayan gida ko aman jini, ya garzaya asibiti a gwada shi, kuma ya faɗa wa likita duk ƙwayar da yake sha.