Dabarar da ke Dawo da Hotunan Waya Tana da Mai Ita

A Dirin Daji, hedkwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, idan waya ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya zare ta ranar kasuwa, ba lallai komai ya tafi da ita ba. Mai ita ya sayi wata, mai gyara ya shigar masa da adireshinsa na Gmail, sai ga lambobi da hotunan biki suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, in dai tun farko ya kunna ajiyar. Haka lissafin mai POS da bayanan BVN. Ba a na'urar hannu suke kwana ba, suna can cikin dubban faya-fayan ajiya, a manyan ɗakuna masu sanyi da intanet ta haɗa.

Faya-fayan nan kuwa kullum sai wasu sun mutu. To, me ke hana bayanan mutuwa tare da su?

A 1978 Amurka ta ba wani injiniyan kamfanin IBM, Norman Ken Ouchi, takardar mallakar ƙirƙira a kan hanyar ceto bayanai daga ma'ajiyar da ta lalace. Tushen dabarar bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. A ce faifai na farko yana riƙe da 3, na biyu da 5, sai a ajiye jimillarsu, wato 8, a na uku. Idan na biyu ya ƙone, a cire 3 daga 8, 5 ta dawo. Kwamfuta da sifili da ɗaya take nata lissafin, amma hikimar ke nan. A 1988 masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka tsara ire-iren wannan ajiya, suka raɗa mata suna RAID.

Ita takardar mallaka ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai fayyace sirrin dabararsa a rubuce kowa ya karanta, hukuma kuma ta hana wasu cin moriyarta ba da izininsa ba, galibi na shekara 20. Daga nan ta zama ta kowa. Ta Ouchi ta daɗe da ƙarewa.

Waɗanda wa'adinsu bai cika ba kuwa, kuɗi ne zunzurutu. A watan Afrilun 2024 wata kotu a Shikago ta ce Amazon ya biya wani ƙaramin kamfani mai suna Kove dala miliyan 525, saboda rumbunsa na intanet ya taka wasu takardun mallaka uku. Rigimar a kan dabarar gano inda fayil yake ne a tsakanin ɗimbin kwamfutoci. Amazon ya ce bai yarda ba, zai ɗaukaka ƙara.

Najeriya ma tana da tata dokar tun 1970, wa'adin takardar shekara 20 ne, kuma rajistar tana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja. Akwai kuma hukumar NOTAP, mai taimaka wa masu ƙirƙira su shigar da takardunsu. Sai dai dokar tana da ƙaya. Wanda ya riga shigar da buƙata shi take fara ɗauka a matsayin mai haƙƙi, kuma abin da aka riga aka baza wa duniya ya daina zama sabo. Ofishin rajistar ma cikar takardu yake dubawa, ba ya tantance ko dabarar sabuwa ce da gaske; wannan sai a gaban kotu.

Nan ne matasanmu ke yin asara. Yaro ya haɗa abin mamaki, kafin gari ya waye ya ɗora bidiyonsa a Facebook yana bayanin yadda ya yi shi dalla-dalla. Ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru da masu gyaran waya na Dirin Daji, duk wanda ya ƙago wani abu, ya fara neman rajista kafin ya nuna wa jama'a.