Ranar da Fischer Ya Sauya Hannu

A darar ces, matakan farko da ake kira buɗin wasa su ne suke nuna inda fafatawa za ta dosa. Ƙwararru kan shafe watanni suna nazarin yadda abokin karawarsu ya saba buɗewa, don su tare shi tun bai yi nisa ba. Abin da tawagar Tarayyar Sobiyet ta yi ke nan kafin gasar zakaran duniya ta 1972 a Reykjavik, babban birnin Aisilan, inda gwaninsu Boris Spassky ya kara da Bobby Fischer na Amurka.

Kowa ya san Fischer da hannu guda: in yana riƙe da fararen 'ya'ya, sojan da ke gaban sarki yake turawa gida biyu, zuwa e4. Amma a wasa na 6, ranar 23 ga Yuli, alhali suna kunnen doki, sai ya tura soja zuwa c4. Kafin a ankara, wasan ya rikiɗe ya koma buɗin da ake kira Queen's Gambit, inda fari yake miƙa soja ɗaya a ɓangaren sarauniya don ya mallaki tsakiyar allo. Spassky ya ƙi tayin, ya fake da kariyar Tartakower, wadda ya daɗe da gogewa a kanta.

Sai dai Fischer ya zo da shirinsa. Ya yi musayar 'ya'ya har Spassky ya rage da sojoji biyu a c5 da d5, kafaɗa da kafaɗa, ba wani soja mai mara musu baya. A mataki na 20 ya dako su da e4, katangar ta tsage. Daga nan ya karkata kan sarkin Spassky, har ya sadaukar da hasumiya ya ɗauke dokin da ke tsaron gidan. A mataki na 41 Spassky ya sallama, ya bi sahun 'yan kallo yana tafa wa wanda ya kayar da shi.

Wannan nasara ce ta sa Fischer gaba a karon farko, bai kuma sake komawa baya ba. Ya lashe gasar da maki 12½ da 8½, ya karɓe kambun da 'yan Sobiyet suke riƙe da shi tun 1948. Duk ɗan wasan da aka haddace hannunsa, an riga an ci rabin wasansa tun kafin ya zauna.