Mai tumbin da ya karɓo kambun duniya

A watan Maris na 1987 George Foreman ya koma dambe yana da shekara 38, bayan shekara 10 da ajiye safa. Wa'azi yake yi a wani coci a Houston, yana riƙe da cibiyar horar da matasa, ga kuɗin da ya tara a zamanin tashensa suna ta zurarewa. Neman abin riƙe cibiyar ne ya mayar da shi fage.

Masu sharhi suka yi ta dariya: ga tumbi, ga nauyin jiki. Shi kuwa ya bi ƙananan 'yan dambe ɗaya bayan ɗaya, karo 24 babu faɗuwa, kafin ya nemi kambun ajin masu nauyi a 1991. Evander Holyfield ya cinye shi da maki. A 1993 Tommy Morrison ma haka. Da wani ne, a nan zai tattara komatsansa.

Abin da ya sa labarin ke burge ni shi ne yadda mutumin ya sauya hali. A Kinshasa a 1974, inda ya rasa kambunsa na duniya, zafin kai ne ya ci shi. Muhammad Ali ya jingina da igiya, ya bar shi yana ta zuba naushi har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya kai shi ƙasa a turmi na 8. Foreman na biyu ya koyi jira.

Ranar 5 ga Nuwamba 1994, a Las Vegas, ya kara da mai riƙe da kambun, Michael Moorer, bahago ɗan shekara 26 da ba a taɓa cinyewa ba. Foreman ya sa jan wandon da ya sha kaye da shi a Kinshasa, kuma Angelo Dundee, mai horar da Ali a wancan dare, yana ɓangarensa. Turmi tara Moorer yana jibgarsa, ido ya kumbura, alƙalai uku duk sun ba yaron rinjaye. Dattijo yana ta matsowa, yana auna tazara. A turmi na 10 ya sakar masa gajeren naushin dama a haɓa. Aka ƙirga goma Moorer bai miƙe ba. Kambu ya dawo hannun ɗan shekara 45.

Arzikin gaske kuwa daga na'urar gasa nama mai ɗauke da sunansa ya zo: a 1999 kamfanin Salton ya sayi sunan a kan dala miliyan 137.5. Foreman ya rasu a Maris na 2025 yana da shekara 76.