Manhajar Leƙen Asiri: Mai Gida Ne Ke Buɗe Mata Ƙofa

A watan Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa cikin wata biyu kacal ya gano kwamfutoci fiye da 394,000 masu amfani da Windows waɗanda wata manhajar leƙen asiri mai suna Lumma ta shiga. Aikinta shi ne ta kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza da lambobin katin banki, ta aika wa masu ita, su kuma su sayar a kasuwar bayan fage. Abin da ya fi jan hankali shi ne hanyar shigarta. Yawanci tana zuwa ne a ɓoye cikin manhajar sata, ko cikin saƙon imel na yaudara, ko ta shafin bogi da ke cewa ka danna wasu maɓallai domin a tabbatar kai mutum ne. A kowace hanya, sai mai kwamfutar ya danna da hannunsa.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauka cewa sayen manhajar riga-kafi mai tsada shi ne maganin matsalar. Windows 10 da 11 suna zuwa da mai gadinsu, Microsoft Defender, kuma ya ishi yawancin gidaje idan aka bar shi ya yi aikinsa. Amma duba abin da ke faruwa idan mutum ya sauke Photoshop ko Office na sata: umarnin farko da ake ba shi shi ne ya kashe mai gadin kafin ya girka, wai don kada ya hana. Ya kashe, ya kuma ba manhajar izinin taɓa ko'ina a cikin na'urar. Haka nan tsohuwar kwamfutar da ake saya a kasuwa an riga an cika ta da manhajoji "kyauta". Sau da yawa mai sayarwar ma bai san daga ina suka fito ba, daga filas ɗin abokin sana'a ya kwafo. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wani zai ce manhajar asali ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa. Gaskiya ne, amma zaɓin bai tsaya tsakanin tsada da sata ba. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, GIMP na gyaran hoto, VLC na kunna bidiyo, kuma dukansu kyauta ne ta halal muddin daga shafinsu na asali aka sauke.

Wani kuma zai ce ba shi da abin da za a sata, ai 'yan jarida da 'yan siyasa ake bi, kamar yadda aka gani da Pegasus na kamfanin NSO na Isra'ila a 2021. Pegasus makami ne mai tsada da ake sayar wa gwamnatoci, wayoyi yake hari. Irin su Lumma kuwa ba sa zaɓe. Imel ɗinka kaɗai ya isa, domin ta nan ake sake kalmar sirrin Facebook da sauran asusu, sannan a roƙi 'yan uwanka kuɗi da sunanka. Har alamar da burauza ke ajiyewa don tuna cewa ka riga ka shiga asusu ana sacewa, wanda ke nufin lambar tabbatarwa ta waya, duk da amfaninta, ba ta tare komai da komai.

Saura batun sabuntawa, wadda da yawa ke kashewa don tsimin data, alhali ita ke toshe kafofin da aka gano. Tallafin sabuntawa na Windows 7 ya ƙare a Janairun 2020, na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Wanda kuma ya riga ya zargi kwamfutarsa, goge fayil ɗaya ba ya wadatarwa: a cire ta daga intanet, a sauya kalmomin sirri daga wata na'ura dabam, a fita daga dukan asusu, sannan a sake girka Windows daga tushe.