Shirwa, Keke da Watannin Koyon Aiki

In kana Barkiya ta ƙasar Kurfi da tsakar rana, ka ɗaga kai sama. Za ka ga shirwa tana kewayawa, tana ta hawa, ko fiffike ba ta kaɗawa. Mai kiwon kaji ya san ta sarai. Amma ko ka taɓa tambaya, me ke ɗauke da ita?

Ga asirin. Rana takan gasa ƙasa da duwatsu, sai iska mai zafi ta riƙa tashi kamar hayaƙin murhu. Wannan iska ce shirwa take hawa. Mutane suka koyi dabarar, suka ƙera jirgin sama marar inji, mai fikafikai sirara da sukan kai mita 15 daga baki zuwa baki. Wani jirgi yakan ja shi da igiya, ko kuwa inji a ƙasa ya naɗe igiyar da sauri ya cilla shi sama. Sa'an nan matuƙi ya saki igiya. Daga nan ba mai, ba ƙara, sai ido da hankali. Jirgi mai kyau, kafin ya sauko mita ɗaya ya ci mita 40 a gaba.

A ƙasashe kamar Jamus da Ingila, ɗalibin da aka tura koyon aiki a lokacin dogon hutu yakan yi kwana biyar a masana'anta. Ran Asabar sai ya tafi filin waɗannan jirage, ko ya hau keke, ko ya bi tsaunuka da ƙafa. A filin kuwa ba wanda yake zuwa ya tashi kawai ya tafi. Dole ya tura jirgin ɗan'uwansa, ya riƙe masa fiffike, ya jira nasa lokaci.

To, ina ruwan Barkiya da wannan? Da ruwanta, gama mu ma 'ya'yanmu suna da irin waɗannan watanni. Tun 1973 aka kafa shirin SIWES, wanda yake fitar da ɗalibai daga aji zuwa wurin aiki, waɗansu wata huɗu, waɗansu wata shida. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, su ma suna fita. Abin baƙin ciki, akwai ɗalibin da yakan kwanta a gida, ƙarshen wata ya kai littafinsa a sa masa hannu a kan aikin da bai yi ba. Ya ruɗi malaminsa, amma ran da aka miƙa masa sifana ko fartanya, wa zai ruɗa?

Ku ji labarin waɗansu 'yan'uwa biyu a Amurka, Wilbur da Orville Wright, 'ya'yan wani bishop. Ba su yi jami'a ba. Masu gyaran keke ne, sun buɗe shagonsu a 1892. Wilbur yakan tsaya yana kallon yadda ungulu take karkata bakin fiffikenta. Daga 1900 zuwa 1902 suka yi ta gwada jirage marasa inji a kan tuddan rairayi, suna faɗuwa suna gyarawa. Sai ran 17 ga Disamba 1903 jirginsu mai inji ya tashi, na daƙiƙa 12 kaɗai. Sarƙa irin ta keke ce ta juya farfelarsa. Watau abin da suka koya a shagon keke bai faɗi ƙasa banza ba.

A Afirka ta Yamma ma an taɓa. Ghana ta buɗe makarantar jirage marasa inji a Afienya, zamanin Nkrumah. Yaron da zuciyarsa take sama yau, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda take nan tun 1964. Mai son hawan dutse kuwa, ga makarantar Man O' War a tsaunukan Shere kusa da Jos.

Amma a fara da abin da ke hannu. Keke yana gida. Bari ɗalibi ya hau shi zuwa wurin aiki, ya koyi liƙin taya da ɗaure sarƙa da kansa. Ran hutu ya tara abokai su hau dutse, ko su je su ga madatsar ruwa ta Zobe, su tambayi yadda ake tare ruwan Karaduwa. Sai dai fa a kula, gama ƙasarmu ta sha wahalar 'yan bindiga. Kada yaro ya fita shi kaɗai, kada ya kai magariba a daji, ya kuma nemi shawarar manya a kan hanyar da za a bi.

Iyaye, sa'ad da ɗanku ko 'yarku ta komo da yamma, kada tambayarku ta tsaya a kan kuɗin da aka biya. Ku ce, “Yau me hannunka ya yi?” In ya nuna muku kanta a tafinsa, ku sa masa albarka.