Kunamar Bindiga: Sauƙin Da Ke Jawo Nadama

Da zarar damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe, aka buɗe lokacin farauta a Jihar Arewa, sai hirar bindiga ta dawo majalisunmu na Garwa. Baƙi daga Turai da Amurka kan sauka su nufi dazuzzukan farauta da gwamnati ta ba da haya a kewayen gandun Binuwai da na Faro da na Buba Njida, kuma samarinmu da dama kan sami aiki wurinsu, wasu tuƙin mota, wasu bin sawu, wasu ɗaukar kaya. Idan sun dawo gida sukan ba da labarin bindigogin da kunamarsu ke tashi da ɗan taɓi kawai. Daga nan ne wasu masu bindiga a cikinmu suka shiga neman yadda tasu ma za ta yi laushi, ko dai ta hanyar sayo kayan canji daga waje, ko ta hanyar miƙa ta ga maƙeri.

To, bari mu fara da abin da ke cikin cikinta. Akwai wata 'yar ƙugiya ta ƙarfe da ke riƙe da gudumar da ke dukan harsashi. Wurin da suka kama juna bai kai faɗin farce ba. Idan aka ja kunama, ƙugiyar ta zame, guduma ta faɗa, bindiga ta tashi. Nauyin da yatsa ke ji ana auna shi kamar yadda ake auna nama a sikeli. Bindigogin soja irin su M16 ta Amurka sai an ja da ƙarfin wajen kilo biyu da rabi zuwa huɗu. Ba rashin iya ƙira ya sa haka ba. Masu ƙirar sun san bindigar za ta faɗi ƙasa, za ta sha ƙura, kuma mai riƙe da ita zai gaji ko ya firgita. Ko a gasar harbi ta duniya, inda mutum ke tsaye cikin natsuwa yana harbin takarda, ƙa'ida ta hana kunamar ƙaramar bindiga ta iska ta gaza giram 500.

Kayan canjin da ake tallatawa a intanet don masu irin wannan gasa aka yi yawancinsu. Mu kuwa ina bindigarmu take yini? A rataye a kafaɗa bisa babur, a kan gargadar hanyar Poli ko ta Cholire, ga ɗan'uwa an goyo a baya.

Haɗarin ya fi girma a bindiga mai ɗura kanta, wato wadda ke tura sabon harsashi da kanta bayan kowane harbi. Duk lokacin da ta tashi, ƙarafunta kan koma baya su dawo da ƙarfi, kuma cikin wannan girgiza ne ake so 'yar ƙugiyar ta sake cafke guduma. In an rage mata kamu, wata rana za ta kuskure. Sai mutum ya ja sau ɗaya ta tashi sau biyu, ko ta tashi yana cikin ɗura ta, yatsansa bai ko kusanci kunama ba. Aikin magagari ya fi muni, domin sau da yawa fatar ƙarfen ce kaɗai aka ƙona ta yi tauri. In aka goge ta, ƙarfe mai taushi ya fito, zai riƙa cinyewa a hankali. Ranar da aka karɓo ta daga maƙera lafiya lau take, sai bayan watanni ta nuna halinta. Ba muna raina maƙeranmu ba ne, garmarsu da gatarinsu ke ciyar da mu, amma wannan aiki na mai ma'auni ne.

Kada a ce sai a hannun talaka ake kuskure. A 2014 kamfanin Remington na Amurka ya nemi a dawo masa da bindigoginsa samfurin 700 da aka ƙera daga 2006 zuwa 2014, saboda kunamar wasu na iya tashi ba a ja ba. Kamfani ke nan mai injiniyoyi da ɗakin gwaji.

Sai kuma batun hukuma. Dokar daji da namun daji ta 1994, wadda ta 2024 ta maye gurbinta, ta ambaci bindigar da ke fitar da harsashi fiye da ɗaya a ja guda cikin makaman da aka hana farauta da su. Dokar makamai ta 14 ga Disamba 2016 kuwa ta kasa makamai aji-aji, kuma takardar izinin da ke aljihun mutum ta irin bindigar da ya saya ce. Tun bayan kisan ɗaruruwan giwaye a Buba Njida a 2012, ga kuma Boko Haram da masu satar mutane, jandarma ba ya wasa da maganar bindiga a yankinmu. In ta yi ɓarin wuta a gabansa, wa zai tsaya ya saurari cewa kuskuren gyara ne? Mu da ake yi wa kallon 'yan kasuwa masu tsallaka iyaka, zargi ba ya wuyar manne mana.

Abin da muka lura shi ne, yawancin masu kukan kunama ta yi tauri, datti ne ke damunsu. Ƙurar hunturu kan haɗu da tsohon mai ta zama kamar ƙullu, tsatsar damina kuma ta biyo baya. A cire harsashi, a duba a tabbata babu saura, a wanke, a ɗiga mai kaɗan, sau da yawa sai a ji ta koma daidai. In har wani ƙarfe ya lalace, a nemi irinsa na kamfanin da ya ƙera ta, a wurin dillali mai lasisi, a kuma ajiye rasiɗin tare da takardar izini.