Ido bai san ƙimar wannan ciwo ba

Damana ta ƙarato. Kowace ranar kasuwa motoci na sauke ƴan ci-rani, waɗansu daga Abijan da Legas, waɗansu daga Agadas da Libiya da wuraren haƙar zinariya. Sun zo da tsaraba: rediyo, turmin atamfa, kuɗin iri. Amma akwai tsarabar da ba a sa ta cikin akwati, mai ita ma bai san ya ɗauko ta ba.

Ran nan a ajinmu na yaƙi da jahilci wani magidanci ya ce mini: «Malam, ƙanena ya komo a rame, yana tari. Ƴan gida sun ware masa kwano da moɗa. Ko Sida ce?» Wani saurayi ya yi dariya ya ce shi ba ya tsoro, don ba ya kula mace sai mai jiki. Na je gidan likita na nemi bayani, na tarar dukansu biyu da ido suka yi awo. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. To, a kan wannan ciwo ido bai san ƙima ba.

Asalin ciwon

An fara ganin Sida a Amurka cikin 1981. A 1983 masana na birnin Paris suka gano ƙwayar da ke kawo ta. A Nijar an samu mutum na farko mai ita a 1987. Binciken da gwamnati ta yi a 2006 ya nuna mutum 7 cikin 1000 na manya suna ɗauke da ƙwayar, na 2012 kuma ya nuna 4 cikin 1000. Lissafin bai da yawa, amma gidan da ta shiga ba ruwansa da lissafi. Ƙwayar tana iya zama jikin mutum shekara 8 ko 10 yana noma, yana ƙiba, yana ba wasu ita.

Abin da ba shi da nauyi

Cin tuwo kwano ɗaya, shan fura da ludayi ɗaya, gaisuwa da hannu, zama kan tabarma, buta, salga, cizon sauro: duk waɗannan ba su ba mutum Sida. Wanda ya ware wa ɗan'uwansa kwano bai kare kansa daga kome ba, zumunci kawai ya ɓata.

Abin da ke da nauyi

Hanya uku ce. Ta farko, wadda ta fi kowace, kwana da wanda ba ka san jininsa ba, ba tare da kwaroron roba ba. Ta biyu jini: allurar da aka yi wa wani, ko askar wanzami da ba a tafasa ba wajen kaciya, ƙaho, ko cire beli. Ta nan ciwon hanta ma yake bi, ya fi Sida saurin kama mutum. Ta uku daga uwa zuwa ɗa, cikin ciki, wajen haifuwa ko ta nono. In ba magani, cikin jarirai 100 na uwaye masu ƙwayar, 15 zuwa 45 za su ɗauka. In uwa na shan magani, ba su kai 5 ba.

Ciwon sanyi da tunjere

Waɗannan sun fi Sida yawa, mun kuwa raina su. Namiji mai ciwon sanyi yana ganin mugunya da zafin fitsari cikin ƴan kwanaki. Mace kuwa sau da yawa ba ta jin kome, har ciwon ya toshe mata hanyar haifuwa, a ce maita ce ko sammun kishiya. Tunjere yana farawa da ɗan gyambo maras zafi wajen mako 3 bayan kwanan. Gyambon ya warke da kansa, ciwon ya zauna cikin jini, yana sa ɓari ko haifuwar ɗa matacce. Kuma kowane gyambo a gaba ƙofa ce da aka buɗe wa Sida. Dukansu biyu suna warkewa a gidan likita, amma sai an yi wa miji da matansa duka magani lokaci ɗaya. Ƙwayoyin ƴan tebur kwantar da ciwon suke yi, ba su kashe shi.

Sikelin gaskiya

Awon jini shi ne sikeli. Ɗigo ɗaya ake ɗauka a yatsa, kafin rabin awa an ba ka amsa, a asirce. Amma sabuwar ƙwaya ba ta nunawa nan take, sai a sake awo bayan wata 3. Wanda ya san ya faɗa haɗari, ko macen da aka yi wa fyaɗe, a je asibiti kafin kwana 3 su cika: akwai maganin kwana 28 mai hana ƙwayar zama. Wanda aka samu da ita kuma, kwanansa bai ƙare ba. Ana ba da magani kyauta. Ba ya fitar da ƙwayar, amma mai shan shi kullum yana noma gonarsa, ya aurar da ɗiyansa, in ƙwayar ta kwanta sarai ba ya ba iyalinsa.

Magidancin nan ya kai ƙanensa likita. Aka auna jini, babu Sida. Tarin fuka ne, aka sa shi maganin wata 6, aka mayar masa da kwanonsa. Saurayin nan kuwa har yanzu bai je awo ba, ga shi bayan kaka zai yi aure.

Ƴan'uwa ƴan ci-rani, kafin ku shiga ɗaki ku biya gidan likita. Iyaye, kafin a ɗaura aure, na budurwa ko na bazawara, ango da amarya su yi awo. Mata masu ciki, ku je awon ciki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.